Daga Kuzar Lardin Bauchi Zuwa Duniyoyin Wasu Taurari

Mu da muka karanci ilimin duwatsu a Bauchi mun san ba don kallon sama aka kafa fanninmu ba. Kuza ce ta haife shi. Turawan mulkin mallaka sun bi ta tsaunukan da a wancan lokaci suke ƙarƙashin Lardin Bauchi, Falconer ya fitar da littafinsa kan duwatsun Arewa a 1911, aka kafa hukumar binciken ƙasa a 1919. Tambayarsu ɗaya ce: me za a haƙa a sayar? Har gobe ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa in ya ɗauki guduma, hankalinsa na kan rijiyar burtsatse ko man Kolmani. Ba laifinsa ba ne, tuwo ake nema.

Sai dai akwai dutsen da ya ci sunan garin nan, bauchite, wanda Farfesa Oyawoye ya raɗa wa suna a shekarun 1960. Fasa sabo ka ga kore mai duhu. Wanda ya sha damina da rani kuwa ya koma ruwan ƙasa, yana marmashewa a hannu. Wannan marmashewar ce masu neman duniyar da rai zai iya zama a cikinta suke bi yanzu. Ruwan sama yana cin dutse, ya zuƙe iskar kabon ya kai ta teku ta kwanta, dutse mai aman wuta kuma ya maido ta. In zafi ya ƙaru, cin dutsen ya yi sauri, iskar ta ragu, gari ya huce. Masana Walker da Hays da Kasting ne suka fayyace haka a 1981.

Lokacin da Mayor da Queloz suka gano duniya tana zagaya wani tauraro irin rana a 1995, masana taurari kaɗai ke da ta cewa. Da aka samu duniyoyi bakwai masu kusan girman tamu suna zagaya tauraron TRAPPIST-1 a 2017, sai tambayar ta sauya: akwai ruwa? Dutsensu na aman wuta? Dole aka nemo irinmu.

Arewa ma ta ba da nata kason, ko da yake kaɗan daga cikinmu ne suka san da shi. A Oktoban 1962 wani dutse mai kusan kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, daga baya aka tabbatar daga duniyar Mars yake. A 1996 aka liƙa ɗan guntunsa a kumbon Mars Global Surveyor aka harba shi can.