Farauta a ƙasar Ɗan Issa: namun da ake nema, kayan mahalba da ƙa'idojin zama a daji

Da an kai amfanin gona rumbu, sanyi ya shigo, sai maganar farauta ta taso a garuruwanmu. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattara bayani wuri guda a kan wagga sana'a: abin da ake nema a daji, kayan da ake riƙewa, yadda ake zama da juna, da abin da doka ta ce. Manya su tuna, yara su koya.

Inda muke

Ɗan Issa na cikin gundumar Madarunfa, jihar Maraɗi, bisa hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi Jibiya ta shiga Katsina. Gulbin Maraɗi ya ratso wannan yanki daga Nijeriya, ga tabkin Madarunfa, ga dajin Baban Rafi daga yamma, wanda ya dangana da iyaka. Can ƙetare kuma akwai dajin Rugu na ƙasar Katsina. Ruwa da kurmi da fadama su ne suka tara namun daji nan, su ne kuma suka jawo mahalba. Shi ya sa in ka tambayi tsofaffi asalin ƙauyuka da yawa na kwarin Gulbi, sai su ce maka wani mahalbi ne ya fara kafa bukka wurin. Ko giwaye sun sha ƙetarowa daga Nijeriya su shigo Baban Rafi.

Wani Bafaranshe mai bincike, Guy Nicolas, ya daɗe yana nazarin zaman Hausawan kwarin Maraɗi, har ya fitar da littafi a 1975, inda ya yi bayanin gidajen da suka gaji sana'o'i irin su halbi da su da ƙira. A al'adar da, ba a faɗa wa daji haka kawai sai an yi buɗin daji, bikin da Masalata ta kusa da Birnin Ƙonni ta yi suna a kansa.

Namun da ake nema

Barewar da muke gani a finafinan Turawa, mai ƙaho kamar rassan itace, babu irinta a dajinmu. Ita tana zubar da ƙahonta kowace shekara wani ya tsiro, kuma a nahiyarmu sai can arewa, wajen Tunisiya da Aljeriya, ake samun danginta. Namu dangin ƙahonsu ba ya rassa, ba ya zuba, da shi suke mutuwa.

Barewa ita ce mai jan goshi da baƙin zane a gefen ciki. Nauyinta bai cika wuce kilo 30 ba. Tana son fili mai ƙaya da gajeren haki, tana kiwo da sassafe da marece. Cikinta wata shida ne, kuma ɗa guda take haihuwa, ta ɓoye shi cikin ciyawa. Wannan ya sa in aka kashe mace guda, asarar ba ta saurin mayuwa. Masana sun sa ta cikin namun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Gada ba ta kai barewa girma ba, ba ta kuma tafiya garke. Dabararta laɓewa. Sai ka kusa taka ta, ta zabura ta faɗa sarƙaƙiya tana kwana-kwana. Ita ce ta fi jure zama kusa da gonaki.

Mazo na kurmin bakin rafi ne, jikinsa da zane da ɗigon fari. Namijin in ya ji rauni yakan juyo ya soki kare ko mutum. Gwanki kuwa shi ne babba, ya kan haura kilo 200, kuma tsofaffin mahalba ba su yarda yaro ya tunkare shi ba, don sun ce nama ne mai kwarjini wanda sai an shirya. Yau a yankinmu gwanki ya zama sai labari. Abin da ƴan farauta suka fi dawowa da shi shi ne zomo, kurege, gafiya, bushiya, damo, guza, fakara da zabon daji.

Mahalbi daban, ɗan farauta daban

Mutane na haɗa su, amma da bambanci. Mahalbi, wanda wasu ke cewa maharbi, galibi gado ya yi. Shi kaɗai yake tafiya, ko da ɗansa, ko da aboki guda. Yana bin sawu, yana kwanto bakin mashaya, yana iya kwana da kwanaki a daji. Ya san saiwa da sassaƙe, don haka sau da yawa shi ne mai maganin gari. Shugabansu Sarkin Baka ne, wasu wurare Sarkin Dawa.

Farauta kuwa ta taro ce, ta rani. A sa rana, a sanar da ƙauyuka, a buga gangi tun da asuba, samari su fito da karnuka da sanduna. Nan ne ƴan tauri ke kirari, makaɗa na zuga su. Su mahalba kiɗansu garaya ce, kuma Kassu Zurmi na ƙasar Zamfara na cikin waɗanda suka yi suna da yi musu waƙa.

Kayan aiki

Baka da kwari. Ana yin baka da icce mai lanƙwasa ba ya karyewa, tsarkiya kuma ta fata ce da aka murɗa. Kibiya kyauro ce da kan ƙarfe mai kunne, aikin maƙeri. A da ana shafa mata dafi da ake dafawa da ƴaƴan kwankwani, wanda ke tsayar da zuciyar nama. In nama ya faɗi, sai a yanke wurin da kibiya ta shiga a yar.

Bindigar gargajiya. Ita ce ake ɗura wa albarushi ta baki, a danna, a halba sau ɗaya. Mai ita sai ya matso kusa, don in ya kuskure, kafin ya sake ɗuri nama ya yi nisa. Haɗarinta shi ne cika albarushi fiye da kima, ko tsatsa a cikin bututu. Ta nan ne take fashewa ta tafi da yatsun mai ita.

Kere, gora da barandami. Kere sanda ce mai ƙugiya da ake jifan zomo da ita. Gora ta duka ce da dogarawa. Adda da wuƙa kuwa ba a fita ba su.

Burtu. Kan tsuntsun burtu ne, ko wanda aka sassaƙa da icce aka rufe da fata, mahalbi ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana caccakar ƙasa kamar tsuntsun. Namun daji sun saba kiwo tare da burtu, don haka ba su razana har ya kai inda kibiya za ta isa.

Sutura da guzuri. Warki, riga mai duhu wadda aka rina da sassaƙe don ta saje da daji, takalmi mai kauri saboda ƙaya, burgami, goran ruwa, ƙyastu ko ashana, ɗan gari ko ƙuli-ƙuli. Da yawa kan ƙara da layu da guru da kambu. Yanzu an samu cocila da salula. Dukansu tun da dare ake duba su, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Kare. Shi ne rabin farauta. Tun yana kwikwiyo ake sa shi bin manya, a koya masa ya kama ya riƙe ba tare da ya ci ba. Mai kare ya san kukan nasa cikin karnuka hamsin.

Ɗabi'un shiga daji

Abu na farko iska. Nama na jin warin mutum tun daga nesa, saboda haka mahalbi kan ɗebi ƙura ya saki ya ga inda ta nufa, sannan ya tunkari nama iska na bugun fuskarsa. Ba a shafa turare, ba a shan taba, ba a surutu. Magana sai da hannu ko da fito.

Na biyu karatun sawu. Sawun da gefensa ke da kaifi na yau ne, wanda iska ta share ko ƙwari suka bi ta kansa ya kwana. Kashi mai laima da ganyen da aka tsinka bai yi yaushi ba, duk suna nuna nama na kusa. Na uku haƙuri, don kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Ta fannin addini, malamanmu na karantar da cewa a ambaci sunan Allah lokacin sakin kare ko kibiya, in an tarar da nama da sauran rai a yanka shi. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta yi maganar abin da dabbobin da aka horar suka kama.

Zaman tare

A daji ake sanin aboki. Ƙa'ida ce ba a dawowa gida a bar mutum baya. In an taru wurin da aka yi alkawari aka ga babu wane, sai a buga gangi ko a busa ƙaho, a kunna wuta, a koma nemansa. Ruwan gora na kowa ne. Yaro sabon shiga shi ke ɗaukar kaya da rataya nama, yana bayan babba, ba ya wuce shi. In ya ga sawu sai ya matso ya ce a hankali, "Baba, ga shi nan ya bi," ba ya ruga da kansa.

Wajen rabo, abin da aka fi sani shi ne nama na wanda ya fara sa masa rauni ne, ko wanda karensa ya fara kamawa. Wanda ya taimaka yana da kaso, ana fitar da na Sarki, a kuma tuna da tsohon da ƙafa ta hana shi fita. Amma kada mu ɓoye, nan ne rigima take. Ƙwace a farautar taro ya sha jawo sara da suka tsakanin ƙauyuka, gaba ta yi shekaru a kan zomo guda. Aikin Sarkin Dawa ne ya tsaya ya raba gardama tun ba a zare wuƙa ba.

Abin da doka ta ce

Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ita ce ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar. Ta ce sai da takardar izini, kuma sai lokacin da hukuma ta buɗe farauta. Ta hana farautar dare da fitila, da bin nama da mota, da sa wa daji wuta, da guba, da makaman yaƙi. Akwai namun da ba a taɓa su sam, kamar giwa da raƙumin dawa. Jami'an gandun daji ne ke ba da bayani da takarda, gara a je a tambaye su tun kafin a fita.

A jiharmu akwai gandun Gadabeji can arewa, wanda aka keɓe tun 1955, mai faɗin kadada dubu 76. Akwai sauran bareyi a cikinsa, kuma a 2018 an kai raƙuman dawa daga yankin Kure. Wannan ya nuna inda aka tsare, nama na zama.

Halin da ake ciki yau

Gonaki sun cinye saura, gatari ya rage kurmi, ga uwa uba rashin tsaro. Tun wajen 2019 ƴan bindiga masu satar shanu da mutane suka addabi bakin iyakarmu, suna fakewa cikin dazuzzukan da kakanninmu ke farauta. Mutum da bindiga a daji yau, ana iya ɗaukarsa abin da ba shi ba. Ba mu manta da mafarauta 16 ƴan arewacin Nijeriya da aka kashe a garin Uromi na jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, suna kan hanyar komawa gida Sallah.

Don haka muna kira: kada a fita sai mai gari da jami'an tsaro sun sani. A riƙe takardar shaida. Kada a ƙetare iyaka da makami. A yi wa karnuka allurar ciwon hauka. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a garzaya da shi likita. A bar mace mai ciki da mai shayarwa, a bar farauta da damina lokacin haihuwa. Samari kuma su zauna da tsofaffin mahalban da suka rage, su koyi sunan itatuwa da karatun sawu tun suna raye.

Wanda ke da ƙarin bayani ko gyara kan yadda ake yi a ƙauyensu, ƙofarmu a buɗe take. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya tsare na gida da na daji.