Plantashun Boiz: Yadda masoya ke kallon Blackface bayan rabuwar ƙungiyar

Plantashun Boiz ƙungiyar mawaƙa ce ta mutum uku da ta yi tashe a Nijeriya a farkon shekarun 2000, kafin ta watse a 2004. Fiye da shekara 20 ke nan da rabuwar, amma har yau masoya ba su daina muhawara a kan ɗaya daga cikinsu ba, wato Blackface. Wasu na ganinsa mai hassada, wasu kuma na ganinsa wanda aka ci wa gumi.

Asalin ƙungiyar

Biyu daga cikin mawaƙan 'yan asalin Jihar Binuwai ne, maƙwabciyar Jihar Nasarawa. Na farko shi ne Innocent Idibia, wanda aka sani da 2Face kafin ya koma 2Baba a 2016. An haife shi a Jos a 1975, ya yi sakandare a Makurdi. Na biyu shi ne Ahmedu Augustine Obiabo, wato Blackface. Sun yi waƙa tare a Inugu, daga baya suka koma Legas, inda Chibuzor Oji, mai laƙabin Faze, ya zama na ukunsu.

Sun fitar da kundin waƙoƙinsu na farko, Body and Soul, a 2000, sai Sold Out a 2003. A lokacin, waƙoƙin Amurka ne suka mamaye gidajen rediyon ƙasar nan, kuma ana lissafa Plantashun Boiz cikin waɗanda suka jawo hankalin matasa zuwa waƙoƙin zamani na gida.

Rabuwa da tushen saɓani

A 2004 kowannensu ya kama gabansa. 2Face ya fitar da Face 2 Face a ƙarƙashin kamfanin Kennis Music, Blackface ya fitar da Ghetto Child, Faze kuma ya fitar da Faze Alone. A kundin 2Face ne waƙar African Queen ta fito, wadda ta kai sunansa ƙasashen duniya. A 2005 ya lashe kyautar gwarzon mawaƙin Afirka ta tashar MTV a Turai, a 2006 kuma aka saka waƙar a fim ɗin Amurka mai suna Phat Girlz.

Daga nan ne tsamin dangantaka ya soma. Blackface ya daɗe yana cewa da hannunsa a rubuta waƙar, kuma bai samu kason da ya dace da shi ba. 2Baba bai musanta cewa tare suka rubuta ta ba. Inda suka sha bamban shi ne batun kuɗi da girman gudummawar kowa. Sun sake haɗuwa su uku a kundin Plan B a 2007, amma haɗuwar ba ta ɗore ba. Daga baya Blackface ya yi irin wannan iƙirari a kan waƙar Let Somebody Love You ta 2014, zargin da ɓangaren 2Baba ya musanta.

Rikicin ya kai ga kotu, inda 2Baba ya shigar da ƙarar ɓata suna yana neman diyyar naira miliyan 50. A ƙarshen 2019 ɓangarorin biyu suka sasanta a Legas ba tare da alƙali ya yanke hukunci ba.

Rabuwar kan masoya

Ra'ayoyin masoya sun kasu gida uku. Kaso na farko, wanda ya fi ƙarfin murya a kafafen sada zumunta, na ganin Blackface ya kasa jure ɗaukakar tsohon abokinsa ne. Hujjarsu ita ce rubutu kaɗai ba ya sa waƙa ta karɓu, sai da murya da farin jinin mai rerawa. A wurinsu, hassada ga mai rabo taki ce. Wannan ra'ayi ya ƙara ƙarfi a farkon 2017, lokacin da Blackface ya fito fili ya soki zanga-zangar da 2Baba ya kira kan tsadar rayuwa, wadda daga baya 2Baba ya soke.

Kaso na biyu na ganin lamarin ya zama na kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Suna cewa neman haƙƙi ba hassada ba ne, kuma jama'a sun fi sauraron wanda ya fi suna ko da kuwa ɗaya ɓangaren na da hujja. Sukan kawo waƙarsa Hard Life, wadda ta taɓo halin ƙuncin talaka, a matsayin shaidar cewa fasihi ne mai cin gashin kansa.

Kaso na uku kuwa ba ruwansu da wanda ke da gaskiya. Kewar zamanin ƙuruciyarsu suke yi, burinsu kawai su sake ganin mawaƙan uku a dandamali ɗaya. Irin waɗannan sukan yaba wa Faze, wanda ya kauce wa ɗaukar ɓangare a fili.

Makamancin haka a Ingila

Ba a Nijeriya kaɗai ake samun haka ba. A watan Agustan 1962, ƙungiyar kiɗan rok ta Beatles ta sallami makaɗin gangarta, Pete Best, ta maye gurbinsa da Ringo Starr. Masoyansa a birnin Liverpool sun nuna fushinsu, amma da ƙungiyar ta shahara a duniya, sai aka manta da shi, ya koma aikin gwamnati. Ƙungiyar ta watse a 1970. Sai a 1995, da aka fitar da tsofaffin waƙoƙin da ya yi wa kiɗa, ya samu kaso mai tsoka. Abin da ya kawo masa kuɗin shi ne shaidar aikinsa da ke kan faifai, ba tausayin masoya ba.

Abin da lamarin ke nunawa

Dokar haƙƙin mallakar fasaha ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, ta bambanta haƙƙin wanda ya tsara waƙa da na wanda ya rera ta da na wanda ya ɗauki nauyin naɗar ta. Masoya kuwa fuskar da suka gani a talabijin suka fi sani.

Wannan ya shafi mawaƙan Hausa kai tsaye, inda sau da yawa wani ke rubuta waƙa, wani ya rera, wani kuma ya hau ta a fim, duk bisa amana da yarjejeniyar baka. Matasan da ke haɗa kai su yi waƙa a Kano ko Kaduna ko Lafiya za su rage wa kansu rigima idan suka rubuta wanda ya yi me, da kason kowa, tun kafin waƙar ta fita. Idan ta riga ta karɓu, kuɗi da suna sun shiga tsakani, kowa da yadda zai tuna abin da ya faru.