BABI NA UKU: Bindigar Martini da Tarihin Tsaro a Fagge da Sabon Gari

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin duba gajeriyar bindigar nan ta Martini wadda askarawan Turawa suka shigo da ita ƙasar Kano, da abin da take nunawa game da rabon iko a yankin da a yau ake kira Bata, wato mahaɗar Fagge da Sabon Gari. Daga ƙarshe za a taɓo batun tattara irin waɗannan makamai da adana su.

3.1 Asali da Siffar Bindigar

Sojan Ingila sun fara amfani da bindigar Martini-Henry a shekarar 1871. Sunan ya samo asali ne daga mutum biyu: Friedrich von Martini, mutumin Suwizalan, wanda ya inganta gidan harsashin, da Alexander Henry na Sikotilan, wanda ya tsara cikin bututun. A ƙarƙashin kunamarta akwai wani mariƙin ƙarfe. Idan aka ja shi ƙasa sai gidan harsashi ya buɗe, kwanso ya fita, a sa sabon harsashi, a mayar da mariƙin sama. Harsashi ɗaya take ɗauka, amma duk da haka ta fi bindigar toka sauri nesa ba kusa ba, domin ita sai an ɗura mata albarushi ta baki. Daga 1895 aka riƙa sauya tsofaffin don su ɗauki harsashi mai lamba .303, aka kira su Martini-Enfield.

3.2 Shigowarta Kano

Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta taƙaita sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani, alhali rundunonin Turawa suna riƙe da su. Rundunar tsaron iyaka ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1897 ƙarƙashin Lugga, an ba ta gajeriyar Martini-Enfield, kuma da yawa daga cikin askarawanta Hausawa ne. Wannan runduna ce, ƙarƙashin Kanar Morland, ta shiga Kano ta Ƙofar Kabuga ran 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin da Sarki Alu yake Sakkwato. Askarawan kimanin 700 ne, tare da igwa da bindiga mai ruwa.

3.3 Rabon Iko Tsakanin Fagge da Sabon Gari

Fagge tsohon zango ne na fatake da Azbinawa. Sabon Gari kuwa an kafa shi wajejen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, kuma cikin mazaunansa na farko akwai tsofaffin sojan wannan runduna. Fagge tana ƙarƙashin Sarki, dogarai ne ke kula da ita, daga baya kuma 'yan dokar En'e, waɗanda makaminsu kulki ne. Sabon Gari kuwa tana hannun Jojin Bature da 'yan sandan gwamnati har zuwa 1940, lokacin da aka mayar da ita ƙarƙashin En'e. Idan aka yi la'akari da wannan, za a ga cewa mulkin mallaka ya bar wa Sarki sanda, ya riƙe bindiga a hannunsa. Saboda haka bindigar shaida ce ta inda ainihin iko yake a wancan zamani.

3.4 Matsalar Tattarawa da Adanawa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu sha'awar tara irin waɗannan makamai. Alal misali, gajeriyar Winchester ta 1876 wadda 'yan sandan doki na Kanada suka riƙe tana da daraja ƙwarai a wurinsu. A Nijeriya lamarin ya sha bamban. Dokar Makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba lasisi, ta kuma sa bindigar soja mai lamba .303 cikin jerin waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Don haka magajin da ya tarar da ita cikin kayan kakansa zai fi son ya ɓoye ta ko ya rabu da ita a asirce. Asarar da ke cikin wannan babba ce, domin a jikin ƙarfen akwai tambarin kambin sarautar Ingila da sunan maƙera da shekarar ƙira. Waɗannan alamomi su ne mai bincike zai gwada da bayanin baka, kuma da zarar tsatsa ta cinye su ko an narkar da ƙarfen, hujjar ta tafi ke nan.

3.5 Kammalawa

Kamar yadda bayani ya gabata, wannan bindiga tana ɗauke da tarihin cin Kano da na rabon iko a wajen ganuwa. Wannan bincike yana ba da shawarar hukumar 'yan sanda da gidajen tarihi irin su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa su fito da hanyar da iyalai za su miƙa abin da suka gada ba tare da fargabar kamu ba. Haka kuma a rubuta sunan mai ita na asali da inda ya yi aiki kafin a rasa dattawan da suka san labarin.