Hannun da Bai Dawo Ba

Karatu: Luka 22:47-53, Romawa 12:17-21

 Mu da muke zaune a Lafiya da ƙauyukan kewaye, Eggon da Alago, Migili da Mada, Gwandara da Tibi, mun san abin da ake kira rikici. A 2001 mun ga iyalai sun gudu daga gonakinsu a kudancin jiharmu. A 2004 kuma mun ga 'yan gudun hijira daga Yelwan Shendam sun shigo garinmu da kaya a kai. Yau za mu duba tarihin mutum biyu waɗanda kowannensu ya taɓa neman ran ɗan'uwansa.

A shekarar 1992 rikici ya tashi a Zangon Kataf tsakanin Atyap da Hausawa. Farkon maganar a kan sauya wurin kasuwa ne, amma tsohuwar gaba a kan ƙasa da sarauta tana ƙarƙashinta. A watan Mayu wutar ta kai birnin Kaduna, ta zama faɗan Kirista da Musulmi. James Movel Wuye, Bagwari ne ɗan soja, yana cikin shugabannin matasan Kirista da suka shirya kansu domin faɗa. A wancan gefe akwai Muhammad Nurayn Ashafa, ɗan gidan malamai, yana jagorantar matasan Musulmi. Cikin faɗan nan James ya rasa hannunsa na dama. Ashafa kuwa ya rasa malaminsa, tsoho mai yawan shekaru, da 'yan'uwansa biyu. Kowannensu ya ɗora jinin a kan ƙungiyar ɗayan, kowannensu ya ƙudura ramuwa.

A 1995 suka haɗu a wani taro a Gidan Gwamnati na Kaduna. Wani ɗan jarida da ya san su duka ya haɗa hannayensu, ya ce musu zaman lafiyar jihar yana wuyansu. Sun gaisa, amma zuciya ba ta gaisa ba. James ya ɗauka leƙen asiri ne ya kawo Ashafa wurinsa. Shi Ashafa ma yana nan da nasa ƙullin, sai da ya ji wata huɗubar Jumma'a a kan yadda Annabin Musulunci ya yafe wa mutanen Ɗa'ifa da suka jefe shi da duwatsu. Daga nan ya soma sakin zuciyarsa. Da mahaifiyar James ta kwanta asibiti, Ashafa ya je dubiya. Da ta rasu kuma, ya je gaisuwa.

Amma mu lura da gaskiyar da James ya faɗa da bakinsa. Sun riga sun fara aiki tare, suna tafiye-tafiye, suna kwana ɗaki ɗaya. Duk da haka, har shekara uku, in ya dubi hannunsa na roba, tunani yakan zo masa ya ɗauki matashin kai ya danne Ashafa yana barci. Mutumin nan mai wa'azi ne, yana karanta Littafi Mai Tsarki kamar yadda muke karantawa. Abin da ya karya shi shi ne maganar wani fasto a wani taron bishara a Abuja, wanda ya gaya masa a fili cewa ba ya yiwuwa ya yi wa'azin Almasihu da ƙiyayya a zuciya. Wannan magana ta shige shi, ya tuba.

Hannun bai dawo ba. James ya ci gaba da yawo da hannun roba, Ashafa ma bai sami malaminsa ba. Warkarwar da Allah ya yi ta ciki ce, ga kuma 'ya'yan da ta haifa. Sun kafa cibiyar sasanta Kirista da Musulmi a Kaduna. A ranar 22 ga Agusta 2002 shugabannin addinan biyu suka sa hannu a kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna, da taimakonsu. A Yelwa, inda aka kashe Kirista cikin majami'a a watan Fabrairu 2004, aka kuma kashe Musulmi ɗaruruwa cikin ramuwar watan Mayu, su biyun sun zauna da jama'a har aka yi alkawarin salama a 2005. Bayan rikicin zaɓen ƙasar Kenya, an kira su can ma a 2008. James bai bar bangaskiyarsa ba, Ashafa ma bai bar tasa ba.

Karatunmu na yau ya kai mu gonar Getsamani. Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen dama na bawan babban firist, wanda Yohanna 18:10 ta ce sunansa Malkus. Malkus yana cikin waɗanda suka zo kama Yesu. Amma Ubangijinmu ya hana takobin, ya taɓa kunnen ya warkar da shi. Warkarwa ta ƙarshe da Luka ya rubuta kafin gicciye, maƙiyi ne ya same ta. Manzo Bulus kuma ya koya wa ikkilisiyar Roma su bar ramuwa a hannun Allah, su ciyar da maƙiyi in yana jin yunwa.

Gafara ba ta hana hukuma yin shari'a, ba ta kuma ce abin da aka yi mana ƙarami ne ba. A gidajenmu akwai gwauraye, akwai marayu, akwai masu tabo a jiki. Wani cikinmu yakan ga wanda ya ƙone rumbunsa kowace ranar kasuwa. In James ya ɗauki shekaru kafin zuciyarsa ta saki, kada wanda yake fama har yanzu ya fid da zuciya. Amma mu tambayi kanmu: wane labari muke ba 'ya'yanmu da dare? Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma 'ya'yanmu ne za su sha zafin nan.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka san abin da aka ƙwace mana, ka kuma san abin da hannuwanmu suka yi wa waɗansu. Ka gafarta mana, ka cire ƙullin da yake zuciyarmu, ka ba mu ƙarfin zuwa gaisuwa a gidan da muka rantse ba za mu taka ba. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.