AMSAR TAKARDUNKU: Ina Jirgin Ƙasanmu Ya Shiga?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi daga yankin Ƙauran Namoda, ya aiko da takarda yana cewa layin dogo ya bi ta bayan gonarsa, amma 'ya'yansa ƙanana ba su taɓa ganin jirgi a kai ba. Yana son a ba shi tarihin jirgin ƙasa a Nijeriya, wa ke da shi, me ya sa ya yi shiru, kuma shin akwai ranar dawowarsa?

AMSA: To Malam, gaisuwarka ta iso, muna amsawa. Wanda ke da jirgin dai Gwamnatin Tarayya ce, ta hannun Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda jama'a suka fi sani da Reluwe. An kafa ta da doka cikin 1955, hedkwatarta kuwa tana Ebute Metta a Ikko. Amma shi jirgin ya girme ta nesa ba kusa ba, saboda haka sai ka gyara zama.

Turawan mulki sun fara shimfiɗa dogo daga Ikko cikin 1896, ya isa Badun cikin 1901. A nan Arewa kuwa aikin daban aka yi. An soma shi cikin 1907 daga Baro, wani gari a bakin kogin Kwara, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne. Ta jirgin ruwa ake kawo ƙarafa a sauke a Baro, a yi ta jerawa ta Minna da Kaduna da Zariya, har dogo ya shiga Kano cikin 1911. Cikin 1912 aka haɗe layin Ikko da na Baro suka koma ƙarƙashin hukuma guda. Kafin a gama gadar Jebba ma, a kan jirgin fito ake ɗora taragu a tsallakar da su Kwara.

Wa ya yi aikin? Kakanninmu ne. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗebo mutane daga ƙauyuka, da yawansu ba da son ransu ba, suna sara da diga suna jidar ƙasa a ka. Abin ya dami jama'a har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi Waƙar Diga a kansa. Don haka ƙarfen nan da ke bayan gonarka, Malam, da gumin talakawa aka kafa shi.

Abin da ya kamata a gane shi ne, Bature ya shimfiɗa dogo ne don kaya su isa bakin teku. Duba inda kowane reshe ya nufa ka gani. An ja ɗan siririn layi daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, aka gama shi cikin 1914, aka rufe shi cikin 1957. Layin Fatakwal ya isa Inugu cikin 1916 saboda kwal, daga baya ya hauro ta Makurɗi da Kafanchan ya haɗu da na Kaduna. Naku na Zariya zuwa Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda cikin 1929 saboda auduga da gyaɗa. Na Kano zuwa Nguru ya biyo baya cikin 1930. Na ƙarshe shi ne na Borno, wanda ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri cikin 1964. Jimlar tsohon layi ke nan, kilomita 3,505.

Wani abin sha'awa, Turawa auduga suka sa rai za ta cika musu taragun Kano. Manomi ya yi nasa lissafin, ya ga gyaɗa ta fi kuɗi, kuma ko kasuwa ta faɗi ai ana cinta, sai ya koma mata. Tun daga kakar 1912 gyaɗa ta fara yi wa tashar Kano yawa. Attajirai irin su Alhaji Alhasan Ɗantata suka shiga sayenta gadan-gadan. Har gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta Kano take bi zuwa teku. Dalar gyaɗar nan da muke alfahari da ita, asalinta jiran jirgi ne: buhuna sun fi ƙarfin taragu, dole a jera su a lulluɓe da tamfol har layi ya zo kansu.

To ina fasinja? Shi ya samu shiga ne albarkacin kaya, amma fa ya more. Akwai jirgi mai sauri da ke zuwa Ikko ko Fatakwal, mai aji uku har da ɗakin kwana. Akwai kuma na talaka, mai tsayawa a kowace ƙaramar tasha, wanda mutum zai shiga da buhun gero da kajinsa. Bafataken da a da yake shafe makonni da jakai yana neman goro, ya koma yin kwana biyu ko uku. Shanu da fatu da busasshen naman Nguru suna gangarawa Kudu, goro da gishiri da atamfa suna haurowa. Garuruwa irin su Kafanchan da Minna da Funtuwa a gindin tasha suka yi girma. Ni kaina na taras da ƙarshen wannan zamani, ina yaro, in jirgi ya yi kuka sai ka ga masu tallar rake da dafaffen ƙwai sun yi tasha a guje. Cikin 1964 jirgin ya ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3.

Me ya kayar da shi? Abubuwa ne suka taru. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse layin Gabas, ƙwararrun ma'aikata da dama suka watse. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa cikin 1975 suka kwashe kayan da jirgi ke ci da su. Kuɗin man fetur ya zo, gwamnati ta mai da hankali ga titin kwalta, tirela ta riƙa zuwa har ƙofar sito, alhali jirgi sai ka kai masa. Shi kuma tsohon layin ƙunci gare shi, faɗinsa ƙafa uku da rabi ne, ga kwana-kwana, ba ya barin gudu. Zuwa 1974 fasinja sun ragu ƙasa da miliyan 5. An yi ta magani. An ɗauko Indiyawa a ƙarshen shekarun 1970 suka riƙe hukumar har 1982. An ba Samuel Ogbemudia ita cikin 1989, aka ɗan farfaɗo. Cikin 1995 aka ba wani kamfanin Sin kwangilar gyara. Kowane karo sai a tashi a koma, domin kayan da za su biya kuɗin gyaran sun riga sun koma mota.

A ƙarshen 2012 aka sake buɗe layin Ikko zuwa Kano bayan gyara, tafiyar da ke cin sa'a 30 ko fiye. Daga nan aka juya ga sabon layi mai faɗin ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Na Abuja zuwa Kaduna, daga Idu zuwa Rigasa, kilomita 186, an buɗe shi cikin Yulin 2016. Na Warri zuwa Itakpe ya biyo cikin 2020, na Ikko zuwa Badun cikin 2021. Ba mu manta da ranar 28 ga Maris 2022 ba, da 'yan bindiga suka tare jirgin Kaduna suka kashe mutane suka sace wasu da dama, har aka dakatar da shi sai Disamban wannan shekara. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Cikin 2021 kuma aka aza harsashin layin Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya.

Yanzu sai batun dawowarsa garinku. Gaskiya ɗaya ce, Malam. Sababbin layukan da aka buɗe manyan birane suka haɗa, kuma mai jaka a hannu suka fi yi wa amfani. Tsohon tarago ba ya hawa sabon layi, sabo ba ya hawa tsoho, saboda faɗinsu ba ɗaya ba ne. Tarihin da muka kawo ya nuna jirgi bai taɓa zuwa ƙauye don zumunci ba, kaya ke kiransa. In masara da waken soya da riɗi da shanun yankinku za su taru wuri guda ta hannun ƙungiya, har su cika taragu a kai a kai, to kuna da bakin magana. Kuma tun gyaran tsarin mulki na 2023 an ba jihohi ikon shimfiɗa nasu layin, saboda haka ɗan majalisarku da gwamnanku ma kuna iya tambayarsu, ba sai Abuja kaɗai ba.

Kafin nan akwai abin da ke hannunku. Mun sha jin labarin masu kwance ƙarafan dogo da dare suna sayar wa 'yan gwangwan, da masu gini ko shuka a kan hanyar jirgi. Laifi ne a doka, kuma layin da aka kwashe ya fi wuyar tashi a kan wanda ya yi tsatsa kawai. In kun ga haka, ku sanar da mai gari. Yaran nan naka kuwa, ka kai su tsohuwar tasha ka nuna musu inda ake auna gyaɗa, ka gaya musu su wa suka sari wannan hanya.

Da fatan ka gamsu. Sauran masu sauraro, muna jiran takardunku. Wassalam.