Ɗan Riƙo da Ɗan Ɓata: Tarihin Neman Asali a Ƙasar Yauri

A ƙasashen Turawa akwai wata al'ada wadda mu ba mu saba da ita ba. Idan mutum ya ɗauki ɗan wani zai raina, kotu takan canja wa yaron suna, ta ba shi sabuwar takardar haihuwa, ta kulle ta asalin. Jihar Minnesota ta Amurka ita ce ta fara dokar rufe irin waɗannan takardu a 1917, sauran jihohi suka bi sahu. Yaran suka girma, suka tayar da ƙayar baya suna neman sanin waɗanda suka haife su. A Ingila sai a 1975 aka yi dokar da ta ba wanda ya kai shekara 18 damar ganin takardar haihuwarsa ta ainihi. Ƙasar Ayilan kuwa ba ta buɗe nata sosai ba sai a 2022.

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu? Ai mu riƙo muke yi, ba ɓoye asali ba. Gaskiya ne. A Yelwa ko Wara ko Shanga, ɗan fari da uwarsa ke jin kunyarsa yakan tashi a ɗakin kaka, gwaggon da Allah bai ba haihuwa ba a ba ta 'yar ƙanenta, amma duk gari ya san ɗan wane ne, ranar aure kuma waliyyi daga dangin uba yake fitowa. Shari'a ma ta riga ta yanke wannan magana tun kan Zaidu ɗan Harisa, wanda aka sace yana yaro aka sayar, har mahaifinsa da baffansa suka biyo sawunsa zuwa Makka. Ya zaɓi zama wurin Manzon Allah (SAW), amma daga baya Suratul Ahzab ta mayar da kiransa ga sunan mahaifinsa.

To amma ƙasar Yauri tana da nata 'ya'yan da aka yanke daga tushensu, kuma ba kotu ce ta yanke su ba, mahara ne. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora, ɗansa Ibrahim Sarkin Sudan kuma ya faɗaɗa hare-haren bayi a kan Kambari da Dukkawa da Kamuku da Gwari. Yauri kanta tana fama da rikicin cikin gida a lokacin, abin da marigayi Farfesa Mahdi Adamu Ngaski ya yi nazari a kai, don haka ba ta da ƙarfin kare ƙauyukanta. Wanda ya sami jirgi ya tsere gungu, wanda bai samu ba ya hau dutse ko ya faɗa hannu. Yaron da aka kama a gonar gero yana ɗan shekara biyar, kafin damina biyu ya manta harshen uwarsa, an raɗa masa Nagode ko Allah-kyauta. Abin da ya rage masa na shaida shi ne tsagar fuskarsa. Wannan tsaga da 'yan boko ke rainawa a yau, ita ce takardar haihuwar mutanen da, domin kuwa fatake da ita suke gane ɗan ƙasarsu a kasuwar Bida ko Ilorin, su kawo labari gida, dangi su tara wuri su je fansa. Baba ta Karo, a labarin rayuwarta da Mary Smith ta buga a 1954, ta ba da bayanin irin wannan fansa bayan harin mutanen Mai Sudan.

Turawa sun ci Kontagora a farkon 1901, a shekarar kuma Lugga ya yi shelar cewa duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu ɗa ne. Sai wata matsala ta taso. Sojoji suna tare ayarin masu fataucin bayi, suna ƙwato yara, amma yaran da yawa ba su san sunan garinsu ba. Wanda aka gano danginsa a mayar da shi. Saura kuwa aka buɗe musu gidan 'yantattun bayi a Zungeru, da wani a Borno. A 1909 gwamnati ta rufe na Zungeru ta miƙa yaran ga 'yan mishan na SUM, waɗanda suka kafa gida a Rumasha a bakin Binuwai, suka sa masa sunan Lucy, matar Karl Kumm. Wasu yaran an rarraba su ga masu riƙo, wasu 'yan matan an aurar da su, da yawa sun tashi da sabon suna da sabon addini. A ganina, wannan shi ne ya fi kusa da abin da Turawa suka yi wa nasu 'ya'yan, kuma mu ba mu taɓa zama mun tambayi inda zuriyarsu take ba.

Abin sha'awa shi ne, Bature ba ya aiki sai da rubutu. Kowane lardi yana da rajistar bayin da aka 'yanta: suna, da kintacen shekaru, da ƙabila, da yadda aka 'yanta mutum, da inda aka kai shi. Da irin waɗannan takardu Lovejoy da Hogendorn suka yi aikin littafinsu na 1993 kan mutuwar bauta a Arewa. Ba wanda ya sa musu kwaɗo, amma kusan a kulle suke. Suna Kaduna a gidan adana takardun tarihi, da Turanci, da rubutun hannun magatakardan da ya ji suna a bakin tafinta ya rubuta yadda kunnensa ya ba shi. Ga kuma Yauri ta zauna ƙarƙashin lardin Kontagora kafin a mayar da ita lardin Sakkwato, don haka mai bincike sai ya bi fayil na larduna biyu. Kwaɗon da ya fi duka ƙarfi kuwa yana bakin tsofaffinmu. Wa zai yarda a ce kakarsa kuyanga ce? Sai a ce ta zo daga yamma, a ja bakin zane a yi shiru.

Sannan ruwa ya zo ya ƙarasa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafki ya haɗiye tsohuwar Busa da gungaye masu yawa na Gungawa, aka tayar da mutum fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Jikan da ya taso daga Lakwaja ko Wukari da sunan ƙauyen kakarsa a baki, yana iya isowa gaɓa a nuna masa tsakiyar ruwa a ce can ne. Kushewa da kukar ƙofar gari da tsohuwar da za ta dubi fuskarsa ta ce wannan jinin gidan wane ne, duk babu. Sai dai ya bi sabon ƙauyen da ya gaji sunan, ya nemi gidan mai gari.

Mu marubuta fa? Tun 1934 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya taɓo wannan jigo a Shaihu Umar, inda uwa ta bi ɗanta har ƙetaren Sahara, suka sadu, ba ta daɗe ba ta rasu. Bayansa mun cika kasuwa da labarin jaririn da aka tsinta a kwali, wanda a shafi na ƙarshe sarka ko zobe ke nuna ɗan attajiri ne. Wanda ke son ya rubuta na gaskiya, ya fara da tsohuwar gidansu tun tana da sauran tunani: ya tambaye ta sunan da ake kiran uwarta da shi kafin a kawo ta, da kalmomin da take furtawa in ta yi tuntuɓe, da siffar tsagar kumatunta. Ya rubuta su da kwanan wata, sannan ya hau motar Kaduna.