Zangon Alfarma a Bakin Ruwa: Nazarin Yiwuwarsa a Tafkin Tiga ga Iyalan Birnin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wani nau'in yawon buɗe ido da ya bunƙasa a tsibiran ƙasashe masu zafi, wato kwana a tanti mai kayan alatu a bakin ruwa, sannan ta auna ko zai karɓi ƙasar Kano. An ɗauki Babban Giji da maƙwabtanta a Ƙaramar Hukumar Tarauni a matsayin misalin inda baƙi za su fito, tafkin Tiga kuma a matsayin masauki. An bi hanyar tarihi da kwatanci, aka gwama abin da ya faru da otal-otal na Bagauda da Tiga da abin da ake yi a Maldif da gaɓar Legas da Mina. Matsayin maƙalar shi ne ƙaramin zango na lokacin hunturu, wanda aka tsara domin iyali, ya fi babban gini dacewa da Tiga, amma bisa sharaɗin a fara da tsaron rai da lafiya.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya taɓa bin Titin Gidan Zoo ranar yawon Sallah ya san irin ƙishirwar wurin shaƙatawa da ke damun mutanen Kano. Tun daga shataletalen Ɗangi za ka tarar da 'yan adaidaita sahu sun cunkushe, yara sun ci ado, uwa ta goya ɗaya ta riƙe biyu, kowa ya nufi ƙofa guda. Gidan namun dajin da aka kafa a zamanin Gwamna Audu Bako, da rukunin kantunan Ado Bayero da aka buɗe a 2014, su ne kusan iyakar inda magidancin Babban Giji ko Gyadi-Gyadi zai kai iyalinsa su sha iska. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum 221,367 a Tarauni, a fili mai faɗin murabba'in kilomita 28 kacal. Yau sun fi haka nesa ba kusa ba, filayen da yara ke wasa a da kuwa an yanka su fuloti.

Abin mamaki, titin Zariya da ya ratsa Gyadi-Gyadi shi ne hanyar da ke kaiwa ga ruwa mafi girma a jihar. Tiga ba ta wuce nisan kilomita 70 ba. Tambayar da wannan bincike ya ɗora a gaba ita ce: me ya hana wannan ruwa zama wurin da iyali za su kwana biyu su huta, kuma wane irin masauki ne zai dace da shi?

2.0 Ma'anar Zangon Alfarma

Turawa sun raɗa wa wannan harka suna glamping, kalmar da ta shiga babban ƙamusun Oxford a 2016. A nan an zaɓi a kira ta zangon alfarma. Abin da ake nufi shi ne tanti ko bukka da aka kafa a daji ko a gaɓar ruwa, amma aka sa mata gado da katifa, wutar sola, fanka, makewayi mai tsabta da mai dafa abinci. Baƙo yana kwana a sarari, yana jin iska da kukan tsuntsaye, ba tare da ya sha wuyar kwanan daji ba.

Kalmar zango ba aro ba ce, kuma ba don ado aka ɗauko ta ba. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sun yi ƙarnoni suna yada zango a hanya, kuma zangon nasu yana da tsari: madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya da wurin sauka, ana zaɓen inda ruwa yake kusa amma ba a kwana a bakinsa. Har gobe akwai unguwanni masu suna Zango daga Kumasi zuwa Lome. Bayan wannan, duk mahajjacin Kano ya kwana a tantunan Mina. Tun bayan gobarar 1997 hukumomin Saudiyya suka sauya su da waɗanda wuta ba ta ci, sama da guda 100,000, da na'urar sanyaya wuri, da ɓangaren maza daban na mata daban. Ga ɗan birni ma da bai taɓa fita ba, idan bazara ta yi tsanani wuta ta ɗauke, tabarma ake shimfiɗawa a tsakar gida a ɗaura gidan sauro a kwana ana kallon taurari. Saboda haka kwana a waje ba baƙon abu ba ne ga Bakano. Abin da bai saba ba shi ne ya biya kuɗi dominsa.

3.0 Abin da Tsibirai Suka Gwada

Tsibiran Maldif da ke Tekun Indiya suna kusa da halin Kano ta fuskar addini, domin al'ummarsu Musulmi ce. Sun buɗe wurin hutu na farko a 1972, kuma suka yi shekaru kusan arba'in a kan tsarin ware baƙi a tsibiran da ba kowa, nesa da jama'ar gari. Kuɗi ya shigo, amma ya fi tsayawa a hannun masu manyan jari. A 2009 aka ba da damar buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da mutane ke zaune, irin su Maafushi. A nan ba a sayar da giya, an kuma keɓe wa baƙi gefen gaɓa guda domin wanka. Masunci ya sami mai hayar jirginsa, matar gida ta sami mai sayen girkinta.

Misali na biyu na gida ne. Tarkwa Bay da ke bakin mashigar tashar jiragen ruwan Legas sai da jirgi ake zuwanta, kuma matasa sun daɗe suna hayar tanti suna kwana a rairayinta. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna wurin bisa zargin fasa bututun mai. Waɗanda ke kafa wa baƙi tanti da gasa musu kifi suka wayi gari ba matsuguni. Wurin da ba a fayyace wa ke da ƙasar ba, da wa ke da iko da ruwan, harkar da aka gina a kansa tana iya rushewa cikin yini guda.

4.0 Tiga da Bagauda: Gini Mai Nauyi a Gaɓa Mai Motsi

An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974 a kan Kogin Kano. Tafkin da ta haifar ya mamaye murabba'in kilomita 178, kuma an tsara shi ya ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Garun Malam, shi kuma ke taimaka wa birni da ruwan sha. Gwamnatin Audu Bako ba ta tsaya ga noma ba. Ta hango cewa ruwa na jan baƙi, aka gina otal a gaɓar tafkin Bagauda, aka kuma ɗora otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon Tiga. Wannan hangen nesa ne da ya cancanci yabo, kuma da wuya a sami wata jihar Arewa da ta yi irinsa a wancan zamani.

Sai dai ƙarshen labarin sananne ne. Madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agustan 1988, otal ɗin ya rasa abin da ake zuwa kallo, daga baya aka mai da shi harabar Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya. Rock Castle ma bai riƙe matsayin da aka gina shi dominsa ba. Ana yawan ɗora laifin a kan sakacin gwamnatocin da suka biyo baya, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a ganin wannan marubuci matsalar ta fi haka zurfi. Babban otal yana cin kuɗi kwana 365 a shekara: albashin ma'aikata, man janareta, gyaran rufi da famfo da fenti. Baƙin bakin ruwa a ƙasar Kano kuwa na lokaci ne. Da damina, musamman a Agusta, sauro da laka da hadari ke korar mutane. Da bazara zafin rana yana kaiwa kusan digiri 40, babu mai sha'awar zaman gaɓa. Abin da ya rage shi ne kaka da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai kwanakin Sallah da hutun makaranta. Gidan da zai yi ciniki wata huɗu ya ciyar da kansa wata goma sha biyu dole ya jingina da baitulmali, ranar da baitulmali ya juya baya kuma sai rufi ya fara yoyo.

Akwai kuma wani abu da mai zanen gini kan manta. Gaɓar tafkin madatsa ba a tsaye take ba. Ruwa na cika a ƙarshen damina, sannan ya riƙa ja da baya duk tsawon rani yayin da ake sakinsa zuwa gonaki. Inda kwale-kwale ke tsayawa a Oktoba, a Afrilu shanu ne ke kiwo a wurin. Siminti ba ya bin ruwa, tanti kuwa ana naɗe shi a matsa gaba. Wannan kaɗai ya isa hujjar fifita shi.

Misalin gandun dajin Yankari bai rushe wannan hujja ba. Ɗakunan baƙi na Wikki da ke cikinsa sun dawwama ne saboda maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke kan digiri 31 rani da damina, ga giwaye da ake zuwa gani daga ƙasashen waje. Tiga ba ta da wannan.

5.0 Sharuɗɗan da Suka Riga Tanti

Na farko shi ne jirgi. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. Lodi ne ya yi yawa. Babu uban da ya ji wannan labari da zai ɗora ɗansa a kwale-kwale sai ya ga rigar kariya a jikin kowa da adadin fasinja a rubuce. A nan ne sarkin ruwa da masuntan yankin suka zama wajibi a cikin tsarin, domin su suka san inda kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suke, da lokacin da iska ke tashi.

Na biyu shi ne tsargiya. Yankunan noman rani da ke shan ruwan Tiga sun daɗe da sanin fitsarin jini a tsakanin yara. Ƙwayar cutar na rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi da ke ruwa maras gudu mai ciyayi, ta fito ta huda fatar mai wanka. Ruwan gishiri na teku ba ya ɗauke da ita, kuma wannan babban bambanci ne tsakanin Tiga da kowane tsibiri da za a kwaikwaya. Don haka zangon Tiga na kallon ruwa ne da shiga jirgi da cin kifi. Wanka sai da ruwan rijiyar burtsatse.

Na uku tsaro. Kudancin tafkin ya dangana da dajin Falgore, wanda ya kai murabba'in kilomita kusan 1,000, ya kuma yi ƙaurin suna wajen fashi da satar shanu har sojoji suka kafa sansani a ciki. Hankali ya nuna a kafa zango a gefen arewa, kusa da jikin madatsa da garin Tiga, inda jama'a da hanya suke.

Na huɗu shi ne wanda masu zuba jari daga nesa ba sa gani, wato mutunci. A Kano, wurin kwana a wajen gari yana saurin ɗaukar mummunan suna, kuma da zarar an ce matattarar banza ce, magidanci ya gama da shi ko da kyauta ne. Tsarin da zai tsira shi ne wanda ya yi kama da gidan Bahaushe: kowane iyali da shingen zana kewaye da tantinsu, makewayi a ciki, rumfar maza a waje kamar zaure, masallaci da wurin alwala a tsakiya, a kuma rubuta sunan kowane baƙo a ƙofa. Wannan ba takura ba ce ga kasuwar. Shi ne abin da zai sa hajiya ta yarda ta zo da 'ya'yanta mata.

6.0 Shawara

Ba a bukatar biliyoyi domin gwada wannan. Tantuna goma zuwa ashirin a kan dakalin katako, bukkokin ciyawa da magina na ƙauyukan yankin suka iya, faifan sola, burtsatse ɗaya, bargo mai kauri saboda daren Janairu da sanyi ke saukowa ƙasa da digiri 15. Abinci daga hannun matan gari: karfasa da tarwaɗa da aka kamo da asuba, shinkafar Kura, fura da nonon rugagen da ke kusa. Mota ta ɗauki iyali daga Unguwa Uku bayan sallar Juma'a, ta dawo da su Lahadi da la'asar. Makarantun Tarauni da Gyadi-Gyadi, na boko da na Islamiyya, su ma kasuwa ce, domin yaron da ke shan ruwan famfo ya kamata ya ga inda ruwan ke fitowa.

Aikin gwamnati a nan ba gina otal ba ne kuma. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da gwamnatin jiha su fayyace a rubuce wace gaɓa za a bayar haya, na shekara nawa, da kason da zai koma ga ƙauyukan da ke wurin, waɗanda iyayensu da dama aka tasa daga gonakinsu lokacin da ruwan ya taru. A kafa dokar jirgi da ta najasa kafin a kafa turken farko, domin ruwan da birni ke sha ne. Daga nan a ba ƙananan 'yan kasuwa dama su gwada hunturu ɗaya, a ƙirga baƙin da suka zo da waɗanda suka sake dawowa, sannan a yanke hukuncin faɗaɗawa ko naɗe tantunan.